Saura-Kaɗan da Direban Firinta

A layinsu ba wanda ke kiranta da sunanta na gaskiya. Saura-Kaɗan ake ce mata, manya da yara, har da mijinta idan tsokana ta motsa masa. Daga bakinta sunan ya fito. Duk wanda ya leƙo shago ya tambaya ko takardarsa ta fito, amsar ɗaya ce, "Saura kaɗan," ko da kuwa ba ta kai ga kunna kwamfutar ba.

Shagon ɗan ƙaramin ɗaki ne tsakanin mai aski da mai kemis. Akwai tebur biyu, benci ɗaya na masu jira, fankar sama mai kuka kamar ana matse ta, da injin fotokwafi wanda sai an ɗan mare shi a gefe yake tashi. A nan take buga wa mutane takardun neman aiki, tambayoyin jarrabawa, yarjejeniyar haya, da cigiyar duk abin da ya ɓata, daga katin shaida har zuwa kyanwa.

Mahaifinta mai gyaran rediyo ne. Ita ce ta uku a 'ya'yansa, kuma ita kaɗai ce ba ya kora daga gefen teburinsa, don ba ta da surutu, kuma yatsunta na shiga lungun da nasa ba sa shiga. Tun tana ƙarama ta saba da cewa kowane inji yana da murfi, kuma kowane murfi yana buɗuwa idan an samu noti na ƙarshe. Da ta girma ta yi makarantar koyon tafureta, ta samu aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya. A nan ta haɗu da mijinta, direban babbar mota, wanda ya riƙa kawo mata takardun kaya da kuskure a ciki don a ce ya dawo gobe. Ta gane shi tun zuwansa na biyu, amma ta bar shi ya ci gaba da kuskuren har ya gaji ya faɗi abin da ke ransa. Da kamfanin ya durƙushe, aka sallame ta da tsoffin kwamfutoci biyu da godiya mai yawa. Da su ta buɗe shago.

Kwamfutocin nan sun yi mata aiki har suka kai shekarun da babbar manhajar da kowa ke amfani da ita ta yi musu nauyi. In ta kunna su da safe, sai ta share shago, ta goge benci, ta gaisa da mai kemis, ta dawo ta tarar suna nan suna tunani. Wani malamin lissafi mai ritaya da ke kawo mata aiki ne ya ba ta shawarar ta gwada wata manhaja ta kyauta, wadda 'yan tsirarun mutane a ƙasashe daban-daban suke haɗawa don sha'awa. Tambarinta tsuntsuwa ce mai ɗigo-ɗigo, shi ya sa a layin aka raɗa mata Zabuwa. Ranar da aka sa ta, tsoffin kwamfutocin suka miƙe kamar an yi musu allura. Labari ya bazu, mai kemis ya sa, makarantar firamare ta bayan layi ta sa, mai hoto na bakin titi ma ya sa.

Sai dai kwamfuta ba ta magana da firinta kai tsaye. Akwai wata 'yar manhaja da ke tsakaninsu, ita ke karɓar abin da ke kan allo ta mayar da shi yaren da firinta ke ji, ta gaya mata inda za ta zuba tawada da lokacin da za ta ja takarda. Direba ake kiranta. Ranar da Saura-Kaɗan ta yi wa mijinta wannan bayani, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To ai wannan tafinta ne. Me ya sa za a ɓata mana sunan sana'a? Yana da lasin?"

Kamfanonin firinta suna rubuta wa manyan manhajoji direba, amma ba su ma san da Zabuwa a duniya ba. Wanda ya rubuta wa Zabuwa nata wani dattijo ne a wata ƙasa mai nisa, mai kiwon ƙudan zuma, wanda hotonsa ke nuna shi da hula mai raga. Saura-Kaɗan ta sa masa suna Mai Zuma. Farkon hulɗarsu ƙorafi ne. Firintarta na yanke layin ƙarshe na kowace takarda, daidai inda ake sa hannu, sai ta tattara Turancinta na makarantar tafureta ta rubuta masa. Ta zaci zai gyara ya aiko. Maimakon haka sai ya gaya mata fayil ɗin da za ta buɗe, da layin da za ta nema, ya ce ta canza lamba ɗaya ta ga abin da zai faru. Ta canza, takarda ta fito a karkace. Ta sake canzawa, ta fito daidai, har da wurin sa hannu. Ta daɗe tana kallon takardar nan. Ashe manhaja ma tana da murfi.

Daga nan abin ya shiga jininta. In shago ya yi shiru bayan azahar, sai ta buɗe fayilolin Mai Zuma tana bi layi-layi, tana tambaya, shi kuma yana amsawa da haƙurin mutumin da ƙudan zuma suka horar. Shekaru suka tafi a haka. Ta fara gyara ƙananan kurakurai da kanta, sannan manya. Wata rana ya rubuto cewa idonsa ya gaji da allo, likita ya hana shi, kuma ya duba ko'ina bai ga wanda ya san cikin direban nan kamar ita ba, don haka ya bar mata. Ta rubuta masa cewa ita fa mai shagon fotokwafi ce kawai. Ya amsa cewa shi ma mai zuma ne kawai.

Shekarar farko abin ya zo da sauƙi. Matsala ta taso ne da kamfanin da yawancin masu Zabuwa ke amfani da firintocinsa ya daina yin tsohon samfuri ya fito da sabo. Sabuwar firintar ta fi kyau, ta fi sauri, ba ta shan tawada sosai, amma ba ta jin ko kalma ɗaya ta tsohon direba. In aka aika mata takarda sai ta ƙyafta fitila ta yi shiru, ko kuma ta amayo shafi cike da alamomi kamar an zubar da akwatin haruffa. Tsoffin firintoci kuwa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Saƙonni suka fara shigo mata daga wuraren da ba ta taɓa jin sunansu ba: mai ɗakin karatu a wani ƙauye, likitan dabbobi, wata mai koyar da kiɗa. Kowa tambayarsa ɗaya, yaushe sabon direba zai fito. A nan gida ma firintar mai kemis ta mutu, ya sayi sabuwa, ta ƙi aiki, ya koma rubuta umarnin shan magani da biro, yana leƙo ta kullum da fuskar tausayi.

Abu biyu take buƙata, kuma ba ta da ko ɗaya. Na farko sabuwar firintar da za ta riƙa gwaji a kai, don ta mai kemis yana tsoron a buɗe masa ita. Na biyu lokaci. Aikin ba na bayan azahar ba ne, na watanni ne, kuma duk ranar da ta rufe shago, tukunyar gida ce za ta ji a jikinta.

Sai ta yanke shawarar neman taimako. Matsalar ita ce Saura-Kaɗan ba ta iya roƙo ba, ko canjinta ne a hannun mai shago sai ta yi ta kame-kame kafin ta tambaya. Sanarwar da ta sa a shafin Zabuwa ta fara da ban haƙuri, ta bi da godiya, sannan can ƙasa ta ce duk mai hali, idan ba zai takura ba, idan yana da wata firinta da ba ya amfani da ita ko wani abu makamancin haka, za a yi murna.

Mutanen Zabuwa masu kirki ne, kuma sun karanta abin da ta rubuta daidai yadda ta rubuta shi. Kwalaye suka fara sauka a tashar kaya. Duk wanda ke da matacciyar firinta a ƙarƙashin matakala ya samu inda zai kai ta da zuciya ɗaya. Mijinta ne ke ɗauko su in ya dawo daga tafiya, yana sauke su a ƙofar gida yana cewa ga baƙinki sun ƙaru. Babu sabuwa ko ɗaya a ciki. Shago ya cika, aka koma gida. Akwai biyu a ƙarƙashin gado, ɗaya a kan firji, wata ƙatuwa a bayan ƙofar falo wadda babban yatsan maigidan ya san ta sosai. Da surukarta ta zo kwana biyu, sai ta ɗauki ɗaya ta mayar da ita matashin ƙafa, ta ce tsayinta ya yi mata daidai, in za ta tafi a sa mata a mota.

A wannan hali Yaya ta same ta. Yaya ita ce babbarsu, tana sayar da bokitai da robobi a kasuwa, kuma muryarta na isa layi na uku ba tare da ta ɗaga ta ba. Ta tsallake firinta biyu kafin ta samu wurin zama, ta sa aka fassara mata sanarwar, ta saurara har ƙarshe tana kaɗa ƙafa.

"Yanzu ke a nan me kika roƙa?" in ji ta.

"Taimako mana, Yaya."

"A'a. Kin roƙi a yafe miki, sannan kin roƙi shara. Kuma an ba ki duka biyun. Ɗauko abin rubutunki."

Yaya ba ta san mene ne direba ba, kuma ta ce ba ta son sani. Tambayoyinta na kasuwa ne. Wata nawa aikin zai ci? Rana nawa a mako za a rufe shago? Me shagon ke kawowa a rana? Wa zai fi shiga uku idan ba a yi aikin ba? Da Saura-Kaɗan ta ce akwai wata ƙungiyar ƙananan ɗakunan karatu a wata ƙasa da duk kwamfutocinsu Zabuwa ce, kuma sun fi kowa rubuto mata, sai Yaya ta tafa hannu ta ce to ga masu sayen kaya nan tsaye a gaban rumfa, ke kina can kina gaida masu wucewa.

Sabuwar sanarwar gajera ce. Ta ce ga aikin da za a yi, ga tsawon lokacin da zai ɗauka, ga abin da zai ci, kuma ana buƙatar sabuwar firinta ɗaya, sabuwa, ba tsohuwa ba. Saura-Kaɗan ta so ta ƙara "idan ba damuwa" a ƙarshe, Yaya ta riƙe mata hannu har aka aika.

Ba a jima ba mutanen ɗakunan karatun suka nemi a yi magana ta bidiyo. Aka sa lokaci da hantsi. Mai aski ya yi alkawarin kashe rediyonsa, mai kemis ya ba da aron farin labule aka rufe tulin matattun firintoci. Saura-Kaɗan ta zauna gaban allo da mayafinta mai kyau, Yaya kuma ta zauna a ƙasa gefen tebur inda kyamara ba ta kaiwa, da sharaɗin ba za ta ce uffan ba. A allon akwai shugabar ƙungiyar, wata mata mai furfura da fara'a, da ma'ajinsu, wani siriri mai tabarau wanda bai yi murmushi ba sai sau ɗaya, shi ma da alama atishawa ce ta fasa fitowa.

Da aka zo bayanin aiki, bakin Saura-Kaɗan ya buɗe. Ta gaya musu yadda za ta saurari abin da sabuwar firintar ke karɓa daga babbar manhaja, ta gano yarenta kalma-kalma, sannan ta koya wa Zabuwa. Amma da ma'aji ya tambaya ko za a iya rage wani abu, sai tsohon halinta ya taso, ta fara cewa ai ba komai, ko rabin ma zai... Ba ta ƙarasa ba ta ji an mintsine ta a idon sawu. Ta yi tari, ta gyara zama, ta ce ta sake dubawa, abin da ta rubuta shi ne abin da aikin zai ci. Ma'aji ya rubuta wani abu, shugabar ta yi dariya ta ce dama sun amince tun kafin su kira, shi dai ma'aji ba ya jin daɗi in bai tambaya ba.

Suka ɗauki nauyin ranaku biyu a kowane mako, suka aiko da sabuwar firinta a kwalinta. Sauran jama'ar Zabuwa, da suka ga an faɗi abu a fili, su ma suka riƙa turo ɗan abin da ya sawwaƙa. A layi kuwa Yaya ta zaga da kanta. Mai kemis ya ɗauki nauyin takardar gwaji, makarantar firamare ta ba da tawada, mai hoto ya ce shi ba shi da komai sai janareta, in wuta ta ɗauke a ja waya daga wurinsa.

Ranakun direba, ƙofar shago a rufe take rabi. In mijinta yana gari, shi ke zama a teburin gaba yana karɓar fotokwafi, yana buga wasiƙa da yatsa ɗaya, harshe a waje, kamar mai shiga da babbar mota ƙaramin lungu da baya. Ita kuma tana ciki da sabuwar firintar, suna fahimtar juna a hankali. Makonnin farko ba abin da ke fitowa sai baƙin shafi, baƙi ƙirin, har mai kemis ya fara kallon kwalin takardarsa da damuwa. Sannan aka samu layi ɗaya siriri. Sannan rubutu ya fito, amma haruffan ƙanana kamar tururuwa, duk a cunkushe a kusurwa ɗaya. Akwai ranar da ta aika shafi ɗaya, firintar ta ɗauka dubu aka ce, ta yi ta ja tana fitarwa, Saura-Kaɗan na danna maɓallin tsayarwa ba ta ji, sai da mai aski ya shigo da almakashi a hannu ya cire wayar daga bango.

Akwai lokacin da ta karaya. Makonni suka shuɗe launi ya ƙi daidaituwa, duk fuskar da aka buga sai ta fito kore kamar ganye. Ta ce wa mijinta ta karɓi kuɗin mutane ga shi za ta ji kunya. Shi kuwa ya ɗaga hoton gwajin, wanda nasa ne na lasin, ya duba da kyau, ya ce a gaskiya bai taɓa yin kyau irin na yau ba, a bar masa wannan. Ta yi dariya har da hawaye. Washegari da safe, tana shara, ta tuna cewa sabuwar firintar na iya karɓar launukan a jere daban da tsohuwar. Ta jingine tsintsiyar ta je ta sauya jerin. Fuskar maigida ta dawo irin ta mutane, ya ce an cuce shi.

Ta saki sabon direban ya makara da kusan wata guda a kan alkawari, abin da a wurin masu irin wannan aiki, in ji shugabar ɗakunan karatu, daidai yake da zuwa da wuri. Kwana kaɗan bayan haka mai kemis ya shigo da takardar magani a hannu, rubutun ya fito a juye, sai an ɗaga wa madubi ake karantawa. Ashe ƙananan takardu ne ba ta gwada ba. Ta gyara kafin la'asar, ta sake saki, ta rubuta wa kowa cewa wanda ya riga ya sauke na farko ya yi haƙuri ya sauke na biyu. Wannan karon ban haƙurin yana da dalili, Yaya ma ba ta hana ba.

Ƙungiyar ta sabunta yarjejeniyar a shekarar da ta biyo, duk da cewa kuɗin kan makara in ma'aji ya tafi hutu. Saura-Kaɗan ba ta yi arziki ba, saɓanin yadda mai aski ke zato. Ta dai canza fankar sama, ta sa wa shagon ƙofar gilashi.

A shekara ta uku aka gayyace ta taron mutanen Zabuwa, aka biya mata jirgi. Ba ta taɓa hawa ba, ta riƙe hannun kujera tun daga tashi har sauka. Ta zaci za ta tarar da babban zaure, sai ta ga duk duniyar Zabuwa ta shige aji ɗaya na wata makaranta, har da kujerun da ba kowa. Da ta shiga aka faɗi ko ita wace ce, mutane suka miƙe suna tafi, ita kuma ta matsa gefe ta waiwaya don ta ba babban baƙon da ke bayanta hanya. Jawabinta bai yi tsawo ba. Ta yi musu bayanin yadda takarda ke shan danshi a lokacin ruwa ta maƙale, da dalilin da ya sa ya kamata direba ya riƙa jira kaɗan kafin ya ja ta biyu. Suka yi ta rubutawa. Ta dawo da mura da akwati rabinsa tawada.

A gida ta tarar maigida ya riƙe shago lafiya, bai ƙona komai ba. Abu ɗaya kawai ya yi. Wani tsohon ɗan sanda ya zo da tarihin rayuwarsa, rubutun hannu, cike da jakar leda, yana neman a buga masa, aikin da ita da ta gan shi daga nesa za ta ce injin ya lalace. Maigida ya karɓa, har ya yi masa ragi, don tsohon ya ce shi ma ya taɓa tuƙa babbar mota.

Tana nan tana buga shi a ranakun da ba na direba ba. Rubutun tsohon kamar kaji sun bi ta kan takarda, kuma yana zuwa duk mako ya ƙara shafukan da ya tuna. Ta kai babi na huɗu, inda aka tura shi wani gari ya kama ɓarawon kekuna ya tarar kawun matar da yake nema ne, kuma yanzu ita ma so take ta ji yadda aka ƙare.